Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Ni na kawo zaɓen 'yan wasa a Ƙonni. Duk wanda ya ce maka shi ne, ka turo mini shi shagona mu yi magana. Sana'ata walda ce, ƙofofi da tagogi da gyaran amalanken jaki su ne abincina. Amma kwandunan nan biyu da ke filin matasa ni na lanƙwasa ƙarfensu, ni na kafa su, kuma ƙungiyar ƙwallon kwando ta unguwarmu ni nake horar da ita tun gemuna bai fara furfura ba.

Ƙungiyoyi huɗu ne a garin, muna gasa duk babban hutun lakwal, wato makarantar boko. Matsalarmu ɗaya ce. Duk yaron da ya taso ya iya riƙon ƙwallo, ƙungiyar unguwar duwan, wato unguwar 'yan kwastan, yake nufa, saboda su ke cin kofi, su ke da riguna masu lamba. Mu sai a bar mu da gajeru da masu ciwon gwiwa. Mai horar da su kuwa taubashina ne, mutumin da in ya ci ka a fili da yamma, washegari sai ya biyo ka har shago ya tambaye ka ya jiki.

Wata safiya a teburin mai shayi, wani mushe abokina, malamin lakwal, ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon babbar gasar Amurka ce, ranar da ƙungiyoyi ke ɗibar sababbin 'yan wasa. Wani mutum ya hau dandamali ya kira suna, dogon saurayi ya miƙe cikin kwat, ya rungumi uwarsa, aka ɗora masa hula. Ni ba kwat ɗin ta dame ni ba. Na tambayi mushe wa ke fara zaɓa. Ya ce akwai 'yar ƙuri'a a ciki, amma maganar ita ce waɗanda suka fi shan kashi a shekarar su ke gaba, mai kofi shi ne na ƙarshe. Shayina ya huce ban sha ba.

Na kai maganar taron masu horarwa. Taubashina ya yi dariya har da buga cinya.

Ya ce, "Wato ka sha kashi, kuma a ba ka lada? Mi kake nufi?"

Na ce, "In fari ya kashe wa makiyayi shanu, wa dangi ke ba aron saniya? Mai garke, ko wanda ya rasa?"

Ɗaya daga cikinmu ɗan makiyaya ne, ya ce shi dai ya gane. Na ukun ma ya gaji da shan kashi. Muka rinjayi taubashi uku da ɗaya, ya fita yana ƙunƙuni.

Shekarar farko an yi ɗan rikici. Wani mai horarwa ya nuna da yatsa ya ce "wancan dogon," yara biyu suka miƙe, iyaye suka kusa ba hammata iska. Nan take na kafa doka, kuma da hannuna na rubuta ta: mai horarwa zai kama lasifika, ya kira cikakken sunan yaro da bakinsa kamar yadda yake a takarda. Ba nuni, ba laƙabi, ba wakili. Wanda ya kasa, zaɓensa ya wuce ga na biye da shi. Har tafi aka yi mini. Na ji daɗin kaina ranar, ba zan ɓoye ba.

A shekara ta uku muka zo na ƙarshe. Ko a jikina, don na san zaɓen farko nawa ne. Unguwar duwan kuwa, tsarin nan ya sauko da su har na uku, wato taubashina ke bi mini. Da aka kawo takardar sababbin yara ina tsakiyar aiki, na ɗaga gilashin walda na duba. Suna na biyar a jeri sunan ɗana ne, ɗan farina.

A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Ubana bai kira na yayana ba har ya koma ga Allah, ni ma ban taɓa kiran na wannan ba. Ga shi kuma sunan uban nawa aka sa masa, nauyi ya zama biyu. Tun da aka yaye shi uwata ta ɗauke shi ta kai ƙauyen Bazaga, can ya girma yana jan guga da kiwon awaki, sai da ya shiga lise, wato babbar sakandare, ya dawo wurinmu. In ina son sa sai in ce "kai." In ina maganarsa sai in ce "wancan." Uwarsa ma haka. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma shi kansa ya san da haka. A gaban mutane ban taɓa yaba masa ba, ban taɓa zama benci ɗaya da shi ba.

Ƙwallon ma ba ni na koya masa ba, a lakwal ya koya. Amma ina da ido. Sau da yawa na tsaya bayan katangar filinsu kamar ina duba tayar babur, ina kallonsa. Jan guga ya ba shi dantse, yana jefa ƙwallo daga wannan kwando zuwa wancan ba tare da ya yi nishi ba, kuma ba shi da rowa, in ya ga wanda ya fi shi wuri sai ya ba shi. A cikin yaran takardar nan babu na biyunsa. Ni na sani, taubashina ma ya sani.

Bai ɓata lokaci ba, ya iso shago kan kabu-kabu yana washe baki.

Ya ce, "Na ga takarda. Ina maka jaje. Bakinka ba ya ɗaukar sunan ga, kowa ya sani. Ka ɗauki wani, ni in kira shi. Ni ko sau goma kake so ina hwaɗin shi."

Na ce, "Sauka ka riƙe mini ƙarfen nan, ko ka ba ni wuri."

Ya tafi yana dariya, amma maganarsa ta zauna mini. Na je wurin sauran masu horarwa na nemi a bar mataimakina ya kira a madadina. Ɗan makiyayan nan ya zaro dokar daga aljihu ya karanta mini, ya nuna mini sa hannuna a ƙasa. Ba nuni, ba laƙabi, ba wakili. Na karɓi takardar na juya bayanta, ko na bar wa kaina wata ƙofa. Ban bari ba, aikina ba ya da kafa.

Na gwada maganar da matata. Ta ce kada in sa ta a ciki, ita ba ta aike ni Amurka ɗauko al'ada ba. Ta ci gaba da tankaɗe, can ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Jiya na ji wancan yana gaya wa ƙanwarsa wai ya san ba za ka ɗauke shi ba. Wai ba komai, ya saba."

Wannan "ya saba" ta yi mini ciwo. Gara a ce ya yi fushi.

Ranar Laraba na hau babur na nufi Bazaga. Na tarar da uwata a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata komai, tun daga bidiyo har dokar da na rubuta. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Ni ban san ana kiran mutum da lasihika ba sai in ya ɓace a kasuwa."

Na ce, "Inna, in ban kira ba wani zai ɗauke shi."

Ta ce, "Sunan ubanka ne, ni ba ni hwaɗin shi har in mutu. Kai ko, wa ya sa ka? Kai ka ƙirƙiro abinka." Ta watsa wa kaji tsintar waken, ta ƙara da cewa, "Yaron ga dai da yana ƙarami, in ya ji ƙarar babur sai ya ruga bakin hanya. In ba kai ba ne ya dawo ya zamna."

Ba ta ce in kira ba, ba ta ce kada in kira ba. Ta ƙulla mini wake a leda ta ce in kai wa uwar yara.

Kwana biyu ina gwaji a shago. Sai in kunna injin goge ƙarfe, in ya cika wurin da ƙara, in furta sunan a ciki. Karon farko harshena ya sarƙe kamar na ci ɗanyar kuka. Mutumin da ke tsawa a fili har a jiyo shi a tasha, ga shi yana ɓuya bayan inji don ya faɗi suna ɗaya. Ni kaina na ba kaina dariya.

Ranar Juma'a bayan la'asar fili ya cika. 'Yan kabu-kabu sun jera babura sun zauna a kai, mata sun tsaya ta gefen inuwa, sababbin yara na kan dogon benci a tsakiya. Ga huluna huɗu-huɗu a kan tebur, kowace ƙungiya da launinta. Labari ya riga ya zaga gari, rabin mutanen nan ba zaɓe suka zo gani ba, bakina suka zo kallo. Taubashina ya zauna a gaba ya harɗe ƙafa, hular ƙungiyarsa a hannu yana kaɗa ta.

Aka ce zaɓen farko na unguwarmu ne. Na tashi, na karɓi lasifika, na hura ta sau ɗaya. Ban duba takarda ba, me zan duba? Na kira sunan.

Yaron bai motsa ba. Yana zaune kansa a ƙasa, yana kallon takalminsa. Na kusa da shi ya taɓa shi da gwiwar hannu, bai ɗago ba.

Taubashina ya ce, "Ba a ji ba. A wuce ga na biyu."

Na dube shi, na gyara tsayuwa. Na sake kira, wannan karon da muryar da nake tsawa da ita a fili, sunansa, sannan nawa, sannan na kakansa, kamar yadda yake a takarda. Tsofaffin da suka san ubana na ji suna cewa Allah ya jiƙan mai suna.

Sai ya miƙe. Ya taho a hankali, ni kuma ina riƙe da hula ina tunanin yadda zan kai ta kansa, don ya ɗara ni tsawo nesa. A bidiyon runguma ake yi, mu ba mu san wannan ba. Da ya iso gabana sai ya durƙusa kamar yadda yake gaishe ni da safe, na ɗora masa hular, na danna ta da kyau. Mutane suka yi ta tafi. Na hango uwarsa cikin mata ta ja mayafi ta rufe fuska. Taubashina ya karɓi lasifika ya ce shi dama ba ya son dogaye, suna cin tuwo da yawa, ya ɗauki wani.

Da aka watse na ce masa, "Kai, hau mu tafi." Bai taɓa hawa bayana a cikin gari ba. Ya hau, gwiwoyinsa sun kusa kai mini kafaɗa. Muna tafe na ce bari in sauke abin da ke raina.

Na ce, "Kurma ne kai? Ka bar ni tsaye gaban jama'a sai da na maimaita."

Muka wuce masu tsire. Sannan ya matso kusa da kunnena saboda iska.

Ya ce, "Na ji tun na farko, Baba. So nake in ƙara ji."

Na ƙara wuta, sai da muka wuce ƙofar gidanmu da layi biyu na tuna ban tsaya ba.