Shekarar da Na Hutar da Baba

A Pauwa ba a cewa mutum ya tsufa don ya yi furfura. Babana ya yi furfura tun ina firamare, haƙoransa na gaba duk sun zube, amma ko a bayan idonsa ban taɓa jin an ce mashi tsoho ba. Shi ke fara shiga gona, shi ke ƙarshen fita, yana tafe yana yi wa ƙannena tsiya, wai kunu ne a gwiwarsu.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Na samu aikin gwamnati a Ƙanƙara, aka yi mana ƙarin albashi, na sayi babur, kaina ya kumbura. Da damina ta kankama na je gida na iske shi duƙe yana noma, zufa har cikin ido. Ba tausayi ne kawai ya kama ni ba, har da tsoron bakin mutane: ɗa na cin albashi, uba na shan rana. Ban shawarce shi ba, na ɗauko 'yan ƙwadago daga Sheme.

Ran da ya fito da hauya a kafaɗa ya tarar da baƙi a gonarsa, ya daɗe tsaye. Na ce, "Baba, ka huta haka nan." Ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ni kuwa, wawa, har labari na riƙa ba abokai.

'Yan ƙwadagon ne suka yi maimai, su suka yi girbi. Dawa ta yi kyau. Shi kuma ya koma zaman zaure, ya bar tsokanar kowa. Inna ta ce cin abincinsa ya ragu, na sayo mashi maganin ƙarin jini.

Bayan kaka na zo hutu. Ina goge babur a ƙofar gida, ya zo ya tsaya gefena yana gyaran murya.

"Gwaggonka ta Mairuwa, bana gonarta ba ta yi ba," in ji shi. "Na ce ko za ka yarda in ɗibar mata dami biyu a rumbu?"

Rumbun da ya gina da hannunsa. Wallahi ran nan na san mene ne tsufa, kuma har yau abin na cina, don da albashina na saya mashi shi.

Na ce, "Haba Baba, ai naka ne."

Ya dubi ƙasa. "Ba ni na noma ba."