Rabon Geron Bana

Muna ɗaurin gero a gonarmu ta bayan Roni, sai na hango ƙanina ya kashe babur tun daga nesa, yana tahowa da ƙafa. Da ya iso ya durƙusa, ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Allah ya yi wa yarinyar nan rasuwa a Kazaure." Zazzaɓi ne, bai ma daɗe ba.

'Yata ce ta fari, don haka ban taɓa kama sunanta ba. Ta karanta tattalin arziki a Kano, ta yi bautar ƙasa, sannan ta zauna wurin gwaggonta a Kazaure tana koyon kwamfuta. Ta ce aikin da take nema sai da waɗannan duka, da kuma jarrabawar ɗaukar ma'aikata da take jira: so take ta zama jami'ar kasafin kuɗi.

Ni karatuna bai wuce firamare ba. Ranar da ta zo gida da damina, na tambaye ta, "Wai ke, wannan aikin naki, kuɗi za ki riƙa rabawa?"

Ta yi dariya. "Baba, ko sisi ba zan taɓa ba. Kowane sashe zai kawo buƙatarsa, mu duba abin da ke akwai, mu ce wannan a yi bana, wannan ya jira."

"Kuma a biya ki don ki ce wa mutane su jira?"

"Ai kai kana yi kyauta duk kaka."

Gaskiyarta. In gero ya zo gida, nakan fitar da zakka, in ware iri, in keɓe na cin damina, sauran ne na hidima. Ta ce daga ƙaramar hukuma ake farawa, in mutum ya riƙe amana har Dutse yana kaiwa. Sai ta roƙe ni in bar mata rabon bana, ta gwada hannunta.

Na ce, "In kika taɓa min iri, na kore ki daga aiki."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na ji."

Mahaifina bai bar min rabon rumbu ba sai da furfura ta fara fito min. Amma ita na amsa mata, na kuma yi ta ɗokin ganin yadda za ta yi.

Bayan an tashi daga zaman makoki, na fitar da zakka, don zakka ba ta jira. Sauran geron yana nan jibge a gindin rumbu. Mahaifiyarta ta yi min magana, na ce to. Har yau ban raba ba.