Kantin da Alhaji Mamman ya karanto

Ranar da Alhaji Mamman ya shigo ofishinmu da littafin hikaya a maimakon taswirar gini, ba ta fita raina ba har yau. A 2014 ne, ina mai duba taswira a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Ga wanda bai sani ba, ƙa'idar ita ce mai gini ya kawo zane, mu duba tushe da iska da mafita, sannan injiniya ya sa hannu.

Alhaji ya yi shekaru yana sayen zinariya a Bagega. Da ya bar harkar, sai ya zuba abin da ya tara a fili ɗaya a Gummi. Ran nan ya buɗe mini shafin da ya naɗe a littafin. Marubuciyar ta kwatanta wani katafaren kanti a birni: gaba duk gilashi, tayil mai ƙyalli, kaya jere a kantoci, kowa na tura kwando yana ɗaukar abin da ya so.

"Irin wanga nika so," in ji shi. "Kar ka rage ko ƙusa."

Tunda bai zo da zane ba, ni na zana masa. Injiniyanmu ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "Ginin ba zai faɗi ba. Iyakar abin da doka ta tambaye mu ke nan." Ya sa hannu.

Wata biyu da buɗe kantin, Alhaji ya aiko in zo. Ranar kasuwa ce. Na tarar da takalma jere a bakin ƙofa. Mutanen ƙauye da Fulanin da suka shigo daga wajen Gwashi sun ga tayil, sun ɗauka ɗakin mutum ne, suka tuɓe. A ciki kuwa sun tsaya cirko-cirko, hannuwa a baya, kwanduna na ajiye.

Alhaji ya nufi wani dattijo. "Baba, ka ɗauki abin da kaka so mana."

"Ni? In shigo gidan mutum in miƙa hannu bisa kaya nai? Inna ba ta haife ni haka ba. Ka zauna, mu gaisa, ka miƙo min."

"To ai haka aka yi a birni."

"Can ga mutanen birni. Mu nan sata muka kiran wanga," in ji dattijon. Ya sa takalminsa, ya tsallaka titi wurin mai tebur.

Alhaji ya bi shi da kallo. "Malam, dukiyata duk tana cikin ginin ga. Littafin bai ce ba su saye ba."

Na ce littafin ya bi idon yarinya ɗaya mai sha'awar kaya, bai tsaya ya faɗi inda ake sallama ba, ko wa ke amsawa.

Muka gyara taswira. Aka huda bangon gabas, aka yi faffaɗar taga mai kantar miƙa kaya, aka kafa rumfa da benci biyu. Alhaji ya dawo da kujerarsa nan. Ciniki ya tashi. Kayan suna ciki, ana kallonsu ta gilashi, ana nunawa, shi kuma yana miƙowa.

Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata shi ne, marubuci yana gina kanti don a yi sha'awarsa, mu kuwa muna sa hannu a kan wanda za a shiga. Tun daga lokacin, kafin in auna kaurin ginshiƙi, sai na tambayi mai gini inda zai zauna a gaishe shi.