Cibiyar Aderaldo

Aderaldo ɗan yayata Quitéria ne. Shekarunsa hamsin da bakwai, kuma a garinmu na Lagoa do Umbu babu mai kiransa da sunansa sai Fadan cocinmu da ni. Kowa Ɓera yake ce masa. Ni na jawo masa. Gara in faɗa tun yanzu, don bakin nan nawa ya ƙware da zillewa.

Ranar da cibiyarsa ta faɗi, Quitéria ta naɗe ta a ƙyalle ta ba ni, ta ce in binne a ƙofar garken shanu don yaro ya tashi da arzikin dabbobi. Shekarata goma sha bakwai, ga sabon siket, ga ranar kasuwa, makaɗa sun zo. Na ce rawa ɗaya zan yi. Na yi tara. Da na laluba aljihu, babu ƙyalle.

Ina shiga gida ta kalli hannuna. "Zulmira, ke da kika haƙa rami, ina ƙasa a farcenki?"

Bel ɗin babanmu na rataye a bayan ƙofa. Na kalle shi, sai na ji bakina yana cewa na ajiye ƙyallen a taga zan ɗauko fartanya, ɓera ya sure shi. Sai da na rufe baki na tuna abin da kowace tsohuwa ta sani: yaron da ɓera ya ci cibiyarsa ɓarawo zai zama. Quitéria ta ɗora hannu a ka. Kafin a sauke tukunyar wake, labari ya kai bakin rafi.

Haka ya tashi. Fensir ya ɓata a aji, jakarsa ake zazzagewa. Akuya ta ƙi dawowa, bayan gidansu ake leƙawa. Uwarsa ma, Allah ya ji ƙanta, tana laluba wandonsa tana kuka. Ya nemi auren Lindalva 'yar mai kanti, uban ya ce ba zai kwana da ido ɗaya a buɗe ba saboda suruki. Sai ya koyi gina rijiya da tankin ruwan sama, sana'ar da ba ta shigar da mutum ɗakin kowa. Rabin garin nan ruwansa suke sha. Mangwaro ya faɗo gabansa daga bishiyar wani, tsallake shi yake yi.

Ni kuwa na yi aure uku, na je São Paulo na dawo, na yi wa kowa ba'a har da Fada. Wannan maganar kaɗai na haɗiye.

Watan jiya ya zo gyara min tanki. Na ce ya shiga ya zuba kofi, ina shanya.

"Zan jira ki, Inna."

"Kai, tsohon banza, gidan innarka ne!"

"Na sani. Idan cokali ya ɓata fa?" Yana dariya ya faɗa, furfura fal kansa.

Na ajiye kayan shanya na gaya masa komai, har adadin rawar. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Tara, Inna?"

"Makaɗin ya iya."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ni na san ban taɓa ɗaukar komai ba. Mutanen gari za ki gaya wa. Lahadi, a ƙofar coci."

Ranar Lahadi na je coci. Da aka fito na hau matakala, na buga sandata, na faɗa da ƙarfi cewa babu wani ɓera, ni ce na yar da cibiyar a filin rawa, na yi ƙarya don tsoron duka. Aderaldo na tsaye gefe da farar rigarsa, ya ɓalla maɓalli har wuya.

Sai Dona Filomena, wadda ta girme ni kuma ta fi ni dafi, ta gyara gyale.

"A filin kasuwa kika yar, Zulmira?"

"Eh."

"Kusa da rumfar masu garin rogo? To wa kike tsammani ya tsince ta a can, mala'ika?"

Dariya ta ɓarke, har da masu tafi. Wani ya ce aƙalla yanzu an san unguwar ɓeran.

Aderaldo ya hau matakalar, ya kama gwiwar hannuna ya sauko da ni a hankali, kamar mai ɗauke da tulu. Muna ratsa mutane mai kanti ya ɗaga murya: "Ɓera, tankina na yoyo, gobe fa!"

"Da safe, Seu Nonato," in ji shi.

Har gida bai saki hannuna ba. Bai kuma kalle ni ba.