Kwalbar da Ta Ƙi Juyawa a Hannun Dakta Ishaya

Ban taɓa mantawa da wata safiya ta watan Agusta ba, ranar da 'yar kwalba ta tsayar mini da gashin jiki. Lokacin ni ce babbar mai kula da ɗakin gwajin sinadarai a wata kwaleji kusa da Kafanchan. Aikina shirya kayan gwaji, da tsayawa a kan ɗalibai kada su ƙona mana gini. Ogana shi ne Dakta Ishaya, shugaban sashe, mutum mai fara'a, amma taurin kansa sai wanda ya gani.

Ya yi shekaru yana binciken wani haɗi na ƙarfen kobalt. Ya narkar da shi, ya zuba a kwalbar gilashi da ba ta fi yatsa ba, ya liƙe bakinta da wuta. A sanyi ruwan shuɗi ne mai duhu, da ya ji ɗumi sai ya koma kore. Yakan ce ƙwayoyin lantarkin da ke jikin kobalt ɗin suna zama bibbiyu a takure idan akwai sanyi, ɗumi kuwa ya raba su kowa ya kama gefensa. Sauyin zaman nan ne ke juya launi, har maganaɗisu ya fi jansa.

Al'adarmu ce a ranar farko ta sababbin ɗalibai a zagaya da kwalbar. Kowa ya dunƙule ta a hannu sai ta yi kore, ya tsoma ta a ruwan sanyi ta koma shuɗi, ya miƙa wa na gaba. Ranar an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, yara suna ta shewa. Dakta ya karɓa a ƙarshe, ya dunƙule, ya ci gaba da bayani. Da ya buɗe hannu, tana nan shuɗi.

Ya yi dariya, ya sake rufewa, ya ba da wani dogon labari. Ya buɗe. Shuɗi. Wata ɗaliba a baya ta ce, "Yesu!"

"Oga, ƙila ta lalace," na ce, na karɓe ta. Ban rufe baki ba ta yi kore a tafina. Na tsoma ta a ruwa na mayar masa, yatsuna suka taɓa nasa. Sanyinsu kamar bakin famfo. Tsoro ya kama ni sosai.

Ya sallami ɗalibai, ya zauna. "Saratu, sinadari lafiya yake. Ni ne. Na daɗe ina gwadawa ni kaɗai. Jini ba ya kai hannu." Sai ya ɗaga mini yatsa. "Kar ki gaya wa maman yara. Bari 'yan ajin ƙarshe su gama, zan je asibiti."

A aikinmu, na ƙasa ba ya kai maganar oga gidansa. Amma 'yan ajin ƙarshe sai bayan Kirsimeti za su gama, ni kuwa na ga yadda launin leɓensa ya yi duhu.

"Oga, ka kore ni gobe," na ce. Na cire farar riga, na tare acaɓa zuwa firamaren da matarsa Mama Hannatu ke koyarwa. Ta saurare ni a bakin aji, alli a hannunta. Sannan ta ce, "Ashe shi ya sa ya daina riƙe hannuna a wurin addu'a."

A ranar aka kwantar da shi. Likitoci suka ce zuciyarsa ta yi rauni ƙwarai, suka tura shi Jos. Ɗalibai suka ƙi kusantar kwalbar. Ni ma da nake musu faɗa, a durowa na kulle ta, ba na son buɗewa.

Bayan damina ya dawo a rame. Bai yi mini maganar abin da na yi ba. Ya ce, "Kawo ta." Ya dunƙule, muka tsaya muna kallon hannunsa. Da ya buɗe, ba shuɗi ba ce, ba kuma kore ba. Ta tsaya a tsakani.

"Rabi ya isa in koyar," in ji shi.

Ku da kuka shigo aikin ɗakin gwaji yanzu, an koya muku lura da ƙaramin sauyi a cikin gilashi, kuma za ku ƙware. Ni na yi watanni ina miƙa wa mutumin nan kaya kullum, ban lura ba shi da lafiya ba sai da kwalba ta gaya mini. Shi ya sa idan na gaisa da ku da safe nake jinkirin sakin hannunku.