Hermelinda Chóez da Tsuntsun da Ta Hana a Raɗa wa Suna

An haifi Hermelinda Chóez Pilay a shekarar 1941 a garin Jipijapa, 'ya ta huɗu ga Anselmo Chóez, manomin kofi, da Zoila Pilay, mai saƙar malafa.

Karatu da Aiki

A 1960 ta shiga jami'a a Guayaquil, inda ta nazarci ilimin tsuntsaye, kana aka ɗauke ta aiki a wani gidan adana halittu. Fanninta shi ne tantance jinsunan quinde, tsuntsayen nan masu tsayawa cak a iska suna tsotson fure, musamman ƙananansu da ba su kai babban yatsa ba, waɗanda baƙo kan ɗauka ƙudan zuma ne.

Aure

A 1966 ta auri Eleuterio Pincay, direban babbar mota, mutum mai haƙuri, kuma haƙurin nan ya yi masa rana ƙwarai.

Rigimar Auduga

A daminar 1978, a wani kwari da ke bayan tsaunukan Jipijapa, ta ci karo da quinde mai gajeren bindi wanda siffarsa ba ta dace da kowane sanannen jinsi ba, adadin irinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Ƙa'idar masana a lokacin ita ce ba a tabbatar da sabon jinsi sai an harbo ɗaya, an feɗe shi, an cusa masa auduga, an adana shi ya zama hujja. Ita kanta ta cusa wa ɗaruruwa auduga ba tare da ko gezau ba. Wannan karon ta ce atafau, ta kuma ƙi faɗin inda kwarin yake.

Shugaban gidan ya kira ta ya ce, "Haba Dakta, guda ɗaya tak! Sunanki fa za mu sa masa."

Ta ce, "Yallaɓai, kwanta mu cusa maka audugar, sai mu sa maka sunana."

An sallame ta daga aiki a 1980. Abin ya yi mata ciwo matuƙa, domin tana son aikin nan kamar ranta, amma ba ta nemi afuwa ba. Ta koma gida ta koyar a firamare har ta yi ritaya, duk masanin da ya zo da lallashi kuwa, kofi kawai yake sha ya kama hanya.

Rasuwa

Ta rasu a watan Maris na 2013, bayan mijinta da shekara biyu, aka binne ta kusa da iyayenta. Ta bar 'ya'ya uku: Nemesio, Griselda da Ovidio, waɗanda dukkansu ta sha kai su kwarin. Ba a gama mayar da ƙasar kabarin ba sai wani wakilin gidan adana halittun ya matso kusa da su, ya yi ta'aziyya, ya tambaya ko marigayiya ta bar wasiyya game da wurin.

Griselda ta share hawaye ta ce, "Ta bari, Yallaɓai. Ta ce in kun zo mu ba ku kofi."