Ƙusa Biyu, Bututu Ɗaya

Har yau idan tsohuwar mota mai babban inji ta wuce ni tana gurnani, sai raina ya ɓaci, kuma ba da motar nake fushi ba.

A shekarata ta biyu a Kuala Lumpur, ina karatun digiri na uku a fannin injiniyan motoci, ɗaki nake haya a saman benen wani dattijo ɗan asalin Sin a Sri Petaling. Ankul nake kiransa, kamar yadda duk 'yan layin suke yi. Shi kaɗai yake zaune a ƙasa, sai motarsa da ke rumfar ƙofar gida a lulluɓe da tamfol. Motar Amurka ce ta da, irin masu dogon hanci da ƙofa biyu, injinta silinda takwas, launinta ja mai duhu kamar zoɓo. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Sitiyarinta ma a hagu yake irin na motocinmu na gida, a ƙasar da na kowa yake dama, shi ya sa tun ranar farko na ji kamar na ga 'yar garinmu.

Ankul yana da wata ɗabi'a. A bangon rumfar ya kafa ƙusoshi layi-layi, duk abin da aka taɓa cirewa daga jikin motar yana nan a rataye: tsohon famfon mai, bel, fitila guda da ta tsage, har da robar waifa. Ko noti bai taɓa yarwa ba. Duk Lahadi da safe yakan yaye tamfol ya tayar da ita ta ɗan yi zafi. Da ya ji cewa mahaifina walda yake yi a Ƙofar Ruwa, kuma gyaran salansa ne sana'arsa, sai ya fara ƙwanƙwasa mini ƙofa in sauko mu saurara tare. Mutumin da ko jikokinsa ba ya bari su jingina da motar, ni ya miƙa wa makulli wata rana ya ce in tayar. Ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Ruwan saman garin nan da danshinsa ba sa barin ƙarfe ya zauna lafiya. Wata Lahadi muka ji sautin motar ya canza, akwai wani fiu-fiu a ƙarƙashin gurnanin. Na shimfiɗa kwali na shiga ƙasa. Bututun salansar na baya, guda biyun da hayaƙi ke fita ta cikinsu, tsatsa ta huda su. Na hagu ya fi wuyar sha'ani, domin sai ya kewaye tankin mai ya hau saman aksul kafin ya fito. Irin waɗannan ba a sayar da su a shago, an daɗe da daina ƙera su. Sai dai a kai tsohon wurin masu lanƙwasa bututu su kwaikwaya.

Ni na kwance su da hannuna. Ankul gwiwa ta hana shi yawo, don haka ni ya wakilta. Ya yi mini bayani dalla-dalla da Turancinsa. "A yi sababbi daidai da waɗannan. Kauri ɗaya, lanƙwasa ɗaya, baki yana kallon ƙasa. Ba na son mai ƙyalli. Tsofaffin kuma ka dawo mini da su." A gabana ya ɗauko guduma ya kafa sababbin ƙusoshi biyu a bango, inda zai rataye su.

Matsalata ɗaya ce, yadda zan ɗauki dogayen ƙarafa biyu masu tsatsa. Ba a shiga jirgin ƙasa na LRT da su, direbobin haya na waya kuma da sun gani sai su wuce. Shi ne na kira wani yayanmu mai ƙaramar mota. Abokin babban wana ne, unguwarmu ɗaya a Kano. Shi ya tarye ni a filin jirgi, a falonsa na yi makonni biyu na farko, matarsa ta ciyar da ni. Yaya nake ce masa, sauran jama'a kuwa Dakta, duk da shekara ta shida ke nan yana rubuta babin ƙarshe. Fannin tattalin arziki yake karanta. Bai san bambancin salansa da bututun famfo ba, amma bai taɓa ganin sayayyar da ba zai shugabanta ba.

Na roƙe shi ya kai ni kawai. Kawai ɗin nan na faɗe shi sau biyu.

Garejin yana cikin wani layin masu gyaran mota, bututu a rataye tun daga rufi har ƙasa. Mai garejin, wani magidanci mai tabarau a goshi, ya juya bututun Ankul ya duba, ya ce zai iya, amma sai mako guda. Na buɗe baki zan ce to, Yaya ya riga ni.

"One week? A kan wannan ɗan ƙarfen?" Ya nuna wasu da ke bango, manya-manya masu ƙyalli, bakinsu ya kai na gwangwanin madara. "Waɗannan fa?"

Mai garejin ya ce waɗannan na samari ne, ana iya haɗa su da kowace mota idan an yanka an yi walda, amma ba irin motar nan ba ce.

Yaya ya juyo gare ni da Hausa. "Ka ji ko? Kowace mota. Ga sabo dal a gabanmu, za ka sa dattijo ya jira sati guda? Leave it to me."

Ya shiga ciniki irin na Kantin Kwari. Ya taya, ya yi kamar zai tafi, ya dawo, ya dafa kafaɗar mutumin da bai taɓa gani ba. Mai garejin ya rage kaɗan ya tsaya. Sai Yaya ya fito da makamin ƙarshe na duk wanda ya taɓa sayen kayan mota a Kano: ya tura tsofaffin bututun da ƙafa ya ce a haɗa da waɗannan, a ƙara ragi. A wurinmu haka ake yi. Tsohon ƙarfe samfur ne, ka nuna shi a ba ka sabo, ka bar wa mai shago ya sayar wa 'yan gwangwan. Mahaifina ma haka yake karɓa kullum.

Na matsa kusa na yi ƙasa da murya. "Yaya, mai motar ya ce a mayar masa da su. Kuma ya ce ba ya son mai ƙyalli."

"Kai dai yaro ne," in ji shi. "Me dattijo zai yi da tsatsa? Kawaici ya yi maka, yana tsoron tsada. Idan ya ga waɗannan sai ya sa maka albarka."

Mai garejin da kansa ya tambaya har sau biyu ko mun tabbata mai motar ba ya son tsofaffin. Ni yake kallo, domin ya ga ni ne na san abin da na kawo. Yaya ya ce, "Boleh, boleh," wato ba matsala da yaren Malay, yana kaɗa hannu. Ni kuma na sunkuyar da kai. Ina da digiri biyu a kan abin da ake magana, na tashi a ƙarƙashin mota, saƙon mai kaya yana kunnena, amma ban iya ƙaryata abokin wana a gaban baƙo ba. Wannan shirun nawa ya fi duk abin da Yaya ya yi ƙona mini rai.

Da la'asar muka isa gida, hadari ya haɗu. Yaya ya shimfiɗa sababbin bututun a gaban Ankul yana murmushin wanda ya ci kasuwa. Ankul ya dube su bai taɓa ba. Ya dubi bayan motar Yaya, ya dube ni.

"Ina tsofaffin nawa?"

Yaya ya fara yi masa lacca a kan ragin da ya samo. Ankul bai ko kalle shi ba, ni ya sake tambaya. Na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Na gaya maka," ya shige ciki.

Na roƙi Yaya mu koma yanzu-yanzu. Ya ƙi. Ya ce shi ba zai koma ya karɓi abin da ya riga ya bayar ba, abin kunya ne, sai a ce 'yan Najeriya ba su da magana ɗaya. Wato kunyarsa a gaban mai garejin da ba zai sake gani ba ta fi amanar da aka ba ni a gidan da nake kwana. Ya ƙara da cewa waɗannan mutanen ba su san alheri ba, ya ja motarsa.

Na samu direban da ya yarda ya ɗauke ni da sababbin bututun. Ruwa ya ɓarke, hanya ta cushe, kafin mu isa an rufe garejin. Washegari ina tsaye a ƙofar kafin a buɗe. Mai garejin ya karɓi kayansa ba gardama, ya shiga baya ya fito mini da bututu ɗaya, na dama. Na hagu, mai kewaye tankin nan, tun jiya ya yanka shi, ya ɗauki inda bai ruɓe ba ya yi wa salansar wata motar kaya faci, sauran kuma masu kwasar ƙarfe sun wuce da shi. "Na tambaye ka sau biyu," in ji shi.

Na kai wa Ankul guda ɗaya. Ya karɓa, ya goge shi da tsumma, ya ce a bar maganar. Bayan kwana biyu surukinsa ya zo, aka ɗora motar a kan babbar mota aka kai wani gareji, aka lanƙwasa na dama a kan tsohonsa, na hagu kuwa aka yi shi da ƙiyasi a jikin motar. Ba a neme ni ba. Da aka dawo da ita, ya rataye tsohon na dama a ƙusarsa. Ɗayar ƙusar bai cire ta ba, kuma bai rataya komai a kanta ba. Ta nan nake wucewa safe da yamma, har na gama karatuna.

Bai kore ni ba, bai daina amsa gaisuwata ba. Lokacin sabuwar shekararsu ma ya aiko mini da lemo kamar kullum. Amma ranar Lahadi sai dai in ji gurnanin daga ɗakina. Ƙofata ba a sake ƙwanƙwasa ta ba, makullin kuma ban sake riƙe shi ba. Ina kwance ina jin ɓangaren hagu yana ɗan kaɗa wani sauti da ba nata ba, na san shi ma yana ji.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muka zauna a wani shagon mamak, irin na Indiyawa Musulmi masu sayar da abinci, a Bukit Jalil, inda 'yan garinmu ke shan shayi, mu kusan goma. Aka shiga hirar ciniki. Yaya ya gyara zama ya ba da labarin yadda ya taɓa samo wa wani tsoho salansa sabuwa fil a farashin banza, har ya sayar da tsatsa a kai, tsohon ya ƙi don taurin kai. Aka yi dariya. Na shirya maganar tun watanni, na san kalma ta farko da ta ƙarshe, na ajiye kofina don in fara.

Ya juyo ya nuna ni. "Ga ƙanena nan, a gabansa aka yi. Ko ba haka ba?"

Kowa ya zuba mini ido. Na ce, "Haka ne, Yaya."